Tsofaffin Bindigogi a Ƙasar Daura: Dalilin Ƙarancinsu da Ainihin Darajarsu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar Hawan Salla ko Hawan Magajiya ko bikin Sallar Gani a Daura, ba zai manta da 'yan bindigar Sarki ba. Kafin a hango laima, sai an ji ƙarar bindigogi, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika ƙofar fada. Irin wannan bindiga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya sannan a sake ɗuri, ita ce Hausawa ke kira bindigar toka ko adaka, wasu kuma cikin raha su ce mata harba-ka-ruga.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogi masu harbi ɗaya, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. A wurinmu ba a saba da haka ba, amma muna da irin waɗannan kayayyaki a fada da gidajen sarauta da ɗakunan tsofaffin maharba, kuma kullum raguwa suke yi. A wannan maƙala za mu duba inda suka fito, da abin da ilimin kimiyya ya bayyana game da lalacewarsu, da kuma abin da ke ba su daraja.

Yadda Bindiga Ta Iso Ƙasar Hausa

Sunayen kansu sun nuna hanya. Bindiga da albarushi da harsashi duk kalmomi ne da muka aro daga Larabci, domin ta hamada makamin ya fara zuwa mana, a hannun fatake masu tasowa daga Tarabulus. A ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Barno ya yi amfani da maharban bindiga Turkawa, kuma tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, a ƙarni na 18, da cewa ya ajiye dogarai masu bindiga.

Hanya ta biyu ita ce ta bakin teku. Masanin tarihi Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma a kowace shekara, galibi domin musaya da bayi. Mafi yawansu a biranen Bamingam na Ingila da Liyej na Beljiyam aka ƙera su. Turawa sun laƙaba musu sunan mutanen Denmak, saboda fataken ƙasar da suka yi ciniki a gaɓar Ankara, har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila sansanoninsu. Kaɗan ne daga cikin waɗannan makamai suka ratso daji har suka iso arewa.

Ga mutanen Daura kuwa, maƙwabcinsu na arewa ne ya fi nuna musu ƙarfin bindiga. A tsakiyar ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimun ya tara dubban bindigogi, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birnin Zindar. A lokacin nan ƙasar Daura a rabe take, tun bayan jihadi: Fulani na riƙe da birni, zuriyar sarakunan Haɓe kuma na zaune a Zango da Ɓaure, ƙarƙashin inuwar Damagaram. Duk da haka barade sun fi ganin girman takobi da mashi, shi ya sa a masarautu da yawa bayin sarki aka fi danƙa wa bindiga.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasel, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara. Wannan ya sa aka ci gaba da ƙera mana tsohon samfuri shekaru da yawa bayan Turai ta daina amfani da shi. Sakamakon ya bayyana a 1903, lokacin da Kano da Sakkwato suka fuskanci bindigar Maxim mai ruwan harsashi.

Iri Uku da Ya Kamata a Bambance

Na farko ita ce mai ƙanƙara. Kunamarta na riƙe da ɗan dutse mai kaifi. Idan aka saki kunama, dutsen ya kankari ƙarfe, sai tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke gefe, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga ciki. Wannan tartsatsi ba daga dutsen yake fitowa ba. Ƙananan ɓarɓashin ƙarfe ne da dutsen ya kankaro, suka yi zafi har suka kama da wuta cikin iska, daidai da abin da ke faruwa a ƙyastu.

Na biyu ita ce mai hula. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da wuta da sinadarin da ke fashewa idan an doke shi. Daga nan aka samo 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan kafar bindiga. An juya bindigogi masu ƙanƙara da yawa zuwa wannan tsari.

Na uku ita ce mai baki ɗaya ta maharba, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi ta baya. Ita ce ta yaɗu a ƙarni na 20. A jikinta akan ga lamba 12 ko 16 ko 20, kuma ga lissafi mai daɗi ga ɗalibai: lamba 12 na nufin idan aka raba laba ɗaya ta darma, wato kimanin giram 454, zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule zai cika faɗin bututun. Faɗin nan ya kai kimanin milimita 18.5. Saboda haka, gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar baki.

Me Ya Cinye Su?

Tun da an shigo da su da yawa haka, ina suka tafi? Amsar tana cikin kemistiri da ilimin halittu.

Abokin gaba na farko shi ne albarushin kansa. Haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri mai suna fotasiyam naitiret, wanda ke samar da iskar oksijin domin ƙuna. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, saura yake yi a matsayin hayaƙi da toka. Wannan toka na ɗauke da gishirin da ke zuƙo danshi daga iska. Inda kuwa ƙarfe da ruwa da oksijin suka haɗu, tsatsa ta samu, kuma gishiri na ƙara mata sauri. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi ɗaukar wuri, sai ta kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe ga iska. Ta haka bututu kan rube daga ciki alhali bayansa na sheƙi.

Na biyu shi ne yanayi. Bushewar ƙasar Daura taimako ce ga ƙarfe idan aka kwatanta da bakin teku, amma azaba ce ga itace. A watan Agusta iska cike take da danshi, itacen ƙota ya sha ya kumbura. Da hunturu ya shigo, sai ya bushe ya tsuke. Itace ya fi motsi ta faɗinsa fiye da tsawonsa, ƙarfen da ke manne da shi kuwa bai damu da danshi ba. Wannan ja-in-ja na shekara da shekaru shi ke tsaga ƙota, ya sassauta ƙusoshi.

Na uku su ne halittu. Itace, a idon masanin halittu, abinci ne: sukari ne da aka sarƙa ya zama selulos. Mu ba ma iya narkar da shi, amma gara na iyawa, da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinta. Irin garar da ke gina manyan suri har noma take yi, domin tana renon wani nau'in naman gwari a cikin gidanta, shi ke ruɓar mata da itacen da ta kwaso. Gara na gudun haske, don haka takan cinye ciki ta bar ɓawo. Akwai kuma ƙananan ƙwari da ke saka ƙwai a cikin kafofin itace, tsutsarsu ta yi watanni tana ci. Alamarsu ita ce 'yan ramuka kamar na allura da wani gari mai laushi a ƙasa. Bindigar da aka jingina da bangon ƙasa, gindinta a kan daɓe, an miƙa ta ne ga waɗannan baƙi.

Na huɗu shi ne ɗan Adam. Bindiga kayan aiki ce, ba a ajiye ta don kallo ba. In ƙota ta karye, masassaƙi ya yi wata da itacen gida. In kunama ta lalace, maƙeri ya ƙera sabuwa. In ta mutu sarai, a mayar da ƙarfen wani abu. Na taɓa ganin wata mai ƙanƙara a zauren wani tsohon maharbi a wani ƙauye na ƙasar Daura, da tambarin maƙeranta a jiki. Da na koma bayan rasuwarsa, sai aka ce mini an sayar wa 'yan gwangwan, an auna ta a sikeli tare da tsofaffin tukwane.

Abin da Ke Ba Ta Daraja

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma tsufa kaɗai ba ya sa bindiga tsada. Masu tara irin waɗannan kaya na duba abu huɗu.

Da farko, ƙaranci. Bindigogin maharba masu baki ɗaya an ƙera su da yawan gaske, don talaka, saboda haka yawancinsu ba su da wani farashi mai yawa ko a kasuwannin waje. Mai ƙanƙarar da ta tsira ba a juya ta ba, ita ce mai wuyar samu.

Na biyu, shaidar asali. A Turai doka ta tilasta a gwada kowane bututu da albarushi mai yawa kafin a sayar, sannan a buga masa hatimi. An kafa gidan gwaji na Bamingam a 1813. Hatimin Liyej kuwa haruffa ne uku, ELG, a cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma daga 1893 aka ɗora masa kambi a kai. Ashe ɗan tambarin da bai kai ƙwayar wake ba yana iya faɗin gari da zamani. Haka nan ɗan ɓallin itace a ƙarƙashin madubin ƙara girma zai nuna ko ƙotar ta Turai ce ko ta gida, domin kowace bishiya da tsarin ƙwayoyinta.

Na uku, lafiyar jiki. A nan mutane da yawa ke kuskure. Wanda ya goge tsohuwar bindiga da yashi ko takardar guga don ta yi ƙyalli, ya goge hatimin, ya goge darajar.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne tarihi. Takobin da ake dangantawa da Bayajida, wanda ke ajiye a fadar Daura, da za a auna shi a matsayin ƙarfe da bai taka kara ya karya ba. Labarin da ke tare da shi, da rijiyar Kusugu, shi ya sa ba shi da farashi. Haka bindigar da aka san mai ita, da yaƙin da ta je ko hawan da ta yi, ta fi goma da ba a san asalinsu ba. Ko ƙirar maƙeranmu ta gida tana da irin wannan daraja, domin shaida ce ta fasaharsu. Abin baƙin ciki, wannan sashe ne ya fi saurin ɓacewa, don kuwa a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake.

Doka da Kiyaye Rai

Wajibi ne a yi gargaɗi. Albarushin da bai jiƙa ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa, kuma maharba kan ajiye bindiga da ɗurinta. Don haka a ɗauki kowace tsohuwar bindiga a matsayin ɗurarriya. Kada a gwada harba ta, domin bututun da tsatsa ta ci yana iya tarwatsewa a fuskar mai harbi.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta shafi har bindigogin da ake ɗurawa ta baki, kuma mallakar bindigar harsashi sai da lasisi. A halin rashin tsaron da Jihar Katsina ta sha fama da shi, wannan ba abin wasa ba ne. Bugu da ƙari, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Iyalin da suka gaji irin wannan kaya, hanya mafi aminci ita ce su sanar da mai unguwa ko dagaci, a tuntuɓi 'yan sanda, a kuma nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi, kamar na Katsina ko Gidan Makama na Kano. Idan an halatta ajiyarta, a sa wanda ya san aikin ya tabbatar babu ɗuri, a rataye ta nesa da ƙasa da bango, a shafa wa ƙarfen mai kaɗan, a riƙa dubawa kowace damina.

Kammalawa

Ɗalibi ba ya bukatar taɓa bindiga kafin ya ceci abin da ya fi muhimmanci a cikinta. Malaman kimiyya da na tarihi za su iya haɗa kai, da izinin iyaye da masu unguwa, su tura ɗalibai wurin tsofaffin maharba da maƙera da 'yan bindigar fada, da littafi da alƙalami. A tambaye su: wa ya fara mallakar wannan bindiga? Daga ina ta zo? Wa ya gyara ta? Me ake kiran kowane sashe nata? A rubuta amsoshin da kwanan wata, a ajiye kwafi a laburaren makaranta.

A ɗakin gwaji kuma, a sa ƙusa ɗaya cikin busasshen kwalba, ɗaya cikin ruwa, ɗaya cikin ruwan gishiri, a duba su bayan mako guda. Abin da ɗalibai za su gani a kwalba ta uku, shi ne ke faruwa yau a cikin bututun bindigar kakanninsu.