Kwamfutar Tace Bidiyon 4K: Abin da Alƙaluma Ke Nunawa

Awa ɗaya na bidiyon 4K da ba a matse ba yana cin kusan terabait 1.9, kuma daga wannan adadi ake auna kowane sashe na kwamfutar da za a haɗa don aikin tace bidiyo. Ma'aunin BT.2020 na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya ƙayyade hoton a kan ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 8.3. A tsarin launi na 4:2:2 mai bit 10, kowane ɗigo yana ɗaukar bit 20. Idan aka ninka wannan da firam 25 a daƙiƙa, wato saurin da talabijin ke amfani da shi a Najeriya da Nijar, ana samun megabait 518 a duk daƙiƙa.

Hoton HD kashi 25 cikin 100 ne na wannan. Ma'aunin BT.709 ya ba shi ɗigo 1,920 sau 1,080, wato miliyan 2.1. Saboda haka kwamfutar da ta saba da HD, ranar da aka ɗora mata 4K, aikinta ya ninka sau huɗu. A 8K ɗigon ya kai miliyan 33.2, ninki 16 na HD.

Yawancin kyamarori ba sa ajiye wannan nauyi yadda yake, matse shi suke yi. Takardar bayani da kamfanin Apple ya fitar kan tsarin ProRes ta nuna cewa ProRes 422 HQ, a 4K da firam 25, yana gudana a kan megabit 737 a daƙiƙa, kimanin gigabait 330 a awa. Wannan kashi 18 cikin 100 ne na bidiyon da ba a matse ba. A wannan tsari kowane firam yana tsaye da kansa, don haka firosesa ba ta shan wahala wajen buɗe shi. Wahalar tana komawa kan ma'ajiya.

Megabit 100 a daƙiƙa shi ne adadin da kamfanin Sony ya bayar ga tsarin XAVC S a kyamarori irin su a7 III, wato gigabait 45 a awa. ProRes 422 HQ ya ninka shi fiye da sau bakwai. Sai dai ƙanƙantar fayil ba ta nufin sauƙin aiki. XAVC S ya ginu ne a kan H.264, tsarin da ITU ta amince da shi a 2003, wanda ke ajiye firam guda cikakke, sauran da ke biye kuma sai bambancin da ke tsakaninsu kawai. Duk lokacin da edita ya tsaya a tsakiyar fage, dole kwamfuta ta koma baya ta sake gina hoton daga firam da dama. H.265, wanda ya biyo baya a 2013 da nufin rage nauyin fayil da kusan rabi, ya ƙara wannan lissafi. A nan ne kwamfutoci da yawa ke sarƙewa, ana ɗora laifin a kan faifai, alhali megabait 12.5 kacal ake karantowa a daƙiƙa.

Shekarar 2011 ce kamfanin Intel ya sanya Quick Sync cikin firosesocinsa, wato sashe na musamman da ke buɗe irin waɗannan fayiloli ba tare da ɗora nauyi kan sauran ƙwayoyin firosesa ba. Daga zubi na 11, sashen yana buɗe H.265 mai bit 10 a 4:2:2, tsarin da kyamarorin Sony da Canon da Panasonic na baya-bayan nan ke ɗauka. Katunan hoto na NVIDIA ba su samu wannan damar ba sai a jerin RTX 50 da ya fito a watan Janairun 2025. Firosesocin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba su da Quick Sync. Rangwamen da ake samu a kansu, a wurin mai tace bidiyo, asara ce.

Terabait 6.6 ake buƙata don ajiye awa 20 na ɗauka a ProRes 422 HQ, idan aka ɗauki misalin fim mai awa biyu da aka ɗauki ninki goma na tsawonsa. A XAVC S, awa 20 ɗin ba su wuce gigabait 900 ba. Kuma faifan da aka rubuta terabait ɗaya a kwalinsa yana bayyana da gigabait 931 a Windows, ragin kusan kashi 7 cikin 100, saboda bambancin yadda ɓangarorin biyu ke ƙidaya.

Gudun ma'ajiya shi ne inda aka fi kashe kuɗi fiye da buƙata. Samsung ya bayar da megabait 560 a daƙiƙa ga 870 EVO mai amfani da SATA, da megabait 7,450 ga 990 Pro mai amfani da NVMe, ninki 13. Layi ɗaya na ProRes 422 HQ yana buƙatar megabait 92. A bisa takarda, na farko zai ɗauki layi shida a lokaci guda, na biyu kuma kusan 80. Faifai mai juyawa, wanda gudunsa ke kusan megabait 200, zai ɗauki biyu. Aikin da aka ɗauka da kyamara uku ya fi ƙarfin faifai mai juyawa, amma bai kai rabin abin da SATA ke iyawa a takarda ba. Abin da yake saurin ƙarewa shi ne fili.

Kwafin aiki yana sauke nauyin zuwa kashi 5 cikin 100. Takardar Apple ta ba ProRes 422 Proxy a HD megabit 38 a daƙiƙa, gigabait 17 a awa. Ana yanka da haɗawa a kan wannan kwafi, sannan a mayar da aikin kan fayilolin asali a lokacin gyaran launi da fitarwa.

Gigabait 32 na RAM ko fiye shi ne shawarar Adobe ga Premiere Pro a 4K. Ga HD, 16. Blackmagic Design ya sanya 16 a matsayin mafi ƙaranci ga DaVinci Resolve a Windows, da 32 idan za a yi amfani da sashen Fusion. Kamfanonin biyu sun haɗu a adadi ɗaya.

A cikin katin hoto, firam guda na 4K yana cin kusan megabait 133, idan aka lissafa shi a bit 32 ga kowane ɗayan sassa huɗu na ɗigo. Bit 32 shi ne zurfin da Blackmagic ya ce Resolve yana aiki da shi. Kati mai gigabait 8 zai riƙe firam 60, ƙasa da daƙiƙa biyu da rabi, kafin a cire abin da manhajar da Windows ke ci. Aikin rage hatsi-hatsin hoton dare yana kwatanta firam da yawa a lokaci ɗaya, shi ya sa yake cikin ayyukan da suka fi saurin cika katin.

Lambar kati ba ta nuna yawan ƙwaƙwalwarsa. RTX 3060 da NVIDIA ya fitar a 2021 a kan dala 329 yana da gigabait 12. RTX 4060 na 2023, mai dala 299, yana da 8, ragin kashi ɗaya cikin uku. RTX 4090 na 2022, da ya fito a kan dala 1,599, yana da 24: ƙwaƙwalwa ninki uku ta RTX 4060, farashi fiye da ninki biyar.

Kashi 1.7 cikin 100 na faifai masu juyawa ne suka lalace a 2023, bisa rahoton kamfanin Backblaze na Amurka kan faifai kusan 270,000. Wato kusan ɗaya cikin 60 a shekara, a ɗakunan da ke da sanyi da wutar da ba ta yankewa. Kwafi na biyu, don kariya daga irin wannan asara, yana mayar da terabait 6.6 zuwa 13.2.

Wat 703 shi ne jimillar iyakar wutar Core i9-14900K, wadda Intel ya bayar da wat 253, da RTX 4090, wanda NVIDIA ya bayar da 450 tare da shawarar akwatin wuta mai wat 850. Haɗin Core i5-13600K mai wat 181 da RTX 4060 mai 115 ya tsaya a 296, kashi 42 cikin 100 na na farko. Waɗannan iyakoki ne da ake kaiwa lokacin fitar da fim, ba duk yini ba.

Naira 225 a kan kowane yunit shi ne farashin da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta sanya wa masu amfani da wuta na rukunin A a watan Afrilun 2024. A wannan farashi, awa takwas a kan iyaka zai ci yunit 5.6 a haɗi na farko, kimanin naira 1,270, da yunit 2.4 a na biyu, kimanin naira 530. Rukunin A ne kaɗai aka yi wa alƙawarin awa 20 na wuta a rana. Rukunin E awa huɗu. Sauran awannin aiki suna kan janareto ko inbata, kuma su da iyakar wat ake auna su.

UPS mai VA 1,000, a samfura da dama ciki har da na APC, wat 600 yake ɗauka. Wannan bai kai wat 703 na haɗi na farko ba, amma ya ninka wat 296 na haɗi na biyu, da rarar da za ta ɗauki allo da faifan waje.