Shin Sabuwar Ƙwaƙwalwa Za Ta Ƙara Wa Kwamfutar Tebur Sauri?

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a baki ɗaya ta hanyar kwamfuta, wannan na'ura ta daina zama kayan adon ofis a garuruwa irin su Manchok, cikin Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba yana iya faɗuwa jarrabawa alhali kuwa ya san amsa. Saboda haka makarantu da masu shagunan buga takardu, daga Manchok zuwa Kagoro har Kafanchan, suka dukufa wajen tanadin kwamfutocin tebur, galibinsu na hannu. To, idan irin wannan kwamfuta ta fara nawa, shawarar da aka fi bai wa mai ita ita ce ya nemi mai sabuwar furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin dukan lissafin na'urar. Kuɗi ne masu yawa, don haka ya kamata a bincika ko biyan bukata zai samu.

A zamanin da, shawarar ba ta da aibi. Ƙwaƙwalwar farko da kamfanin Intel na Amurka ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, tana ɗauke da taranzista 2,300, watau 'yan ƙananan makunnai masu buɗewa da rufewa, kuma bugunta bai kai miliyan ɗaya cikin daƙiƙa ba. Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya yi hasashe tun 1965 cewa yawan makunnan zai riƙa ninkawa, a 1975 kuma ya ce duk bayan shekara biyu ne. Haka kuwa aka yi. Da yake makunnan suna ƙara ƙanƙancewa, sai saurinsu ya riƙa ƙaruwa ba tare da sun ƙara shan wuta ba. Wanda ya sauya kwamfuta bayan shekara uku a wancan lokaci, ba sai an gaya masa ba, da idonsa zai ga bambanci.

Wannan garaɓasa ta ƙare wajen 2004. A shekarar ce Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8, watau bugu miliyan dubu uku da ɗari takwas cikin daƙiƙa, sai Intel ta janye niyyarta ta fitar da mai gigahaz 4. Dalili kuwa shi ne zafi. Makunnan sun ƙanƙance har wuta ta fara yoyo a cikinsu, kuma duk ƙarin gudu sai ya jawo zafin da fanka ba za ta iya kashewa ba. Sai a 2023 aka sami ƙwaƙwalwar Intel mai kai gigahaz 6 daga masana'anta. Masu karatu su dubi wannan da kyau: kusan shekara ashirin, bugun bai ko ninka sau biyu ba.

Da hanya ta toshe, sai masu ƙira suka sake dabara. Daga 2005 suka fara haɗa zukata biyu cikin ƙwaƙwalwa guda, daga baya huɗu, a 2017 kuma kamfanin AMD ya kawo Ryzen mai zukata takwas a farashin da mutane da dama za su iya saye. Kazalika an koya wa kowace zuciya gama aiki mai yawa cikin bugu ɗaya. Lalle ci gaba ne na haƙiƙa, amma yana da iyaka, wadda wani masani mai suna Gene Amdahl ya bayyana tun 1967. Manomin ƙasar Moro'a ma ya san ta. Idan aka yi gayya, mutum takwas za su gama huɗar gona cikin yini guda. Haƙar rijiya fa? Mutum ɗaya ne kaɗai ke iya tsayawa a ƙasan ramin, sauran bakwai sai kallo. Mai haɗa fim, da mai zanen gine-gine, da mai sarrafa hotuna masu nauyi, aikinsu irin na gona ne, sabuwar ƙwaƙwalwa za ta rage musu jira ƙwarai da gaske. Buga wasiƙa, da cike takardar rajista, da amsa tambayoyin jarrabawa kuwa sun fi kama da haƙar rijiya.

A ganina ma yawancin nawar da ake kuka da ita ba laifin ƙwaƙwalwa ba ne. Mutanen Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya, sun san cewa komai ƙarfin kan jirgi, dogo ne ke yanke masa gudu. Dogon kwamfuta shi ne faifan ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yakan yi zagaye 7,200 a minti, yana lalube da allura kafin ya miƙo abin da aka nema, ƙwaƙwalwa kuwa tana zaune tana jiransa. Ma'ajiyar zamani da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, kuma ko mai arahar cikinsu tana karanta wajen megabait 500 a daƙiƙa. Kwamfutar da aka ƙera shekara goma da suka wuce, in aka sanya mata wannan, aka kuma ƙara mata ram zuwa gigabait 8, sai ta tashi kamar an yi mata allura, da kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwar na'ura ba. Har ila yau akwai ƙurar hunturu. Idan ta toshe fanka, ƙwaƙwalwa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, mai ita kuwa ya ɗauka tsufa ne.

Wani abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne, galibi sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta shiga gurbin tsohuwa. Sai an sauya babban allon da take zama a kai, sau da yawa har da ram, watau dai an sayi wata kwamfuta ke nan.

Inda sabuwar ƙira take da amfani na sosai ga wannan yanki shi ne wajen shan wuta, kuma ba yau aka gano haka a Kudancin Kaduna ba. Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996, mai mazauni a unguwar Bayan Loko ta Kafanchan, ta daɗe tana koyar da kwamfuta da tsofaffin na'urori daga ƙasashen waje, ta kuma ga yadda zafi da ƙura da rashin tsayayyar lantarki suke kashe su. Wannan ya sa ta haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila kan wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta yi aiki da hasken rana, tana shan abin da bai kai wat 10 ba. Solo ba ta bazu a kasuwa ba, amma inda ta dosa nan duniya ta nufa daga baya. Ƙwaƙwalwar Intel mafi ƙarfi ta 2023 tana iya zuƙar wat fiye da 250 in aiki ya yi tsanani. A shekarar nan dai kamfanin ya fitar da N100, mai zukata huɗu, wadda aka ƙayyade mata wat 6 kacal, kuma tana ɗaukar aikin ofis da na aji ba tare da gazawa ba. Ga makarantar da ke kunna kwamfuta talatin da janareto, ko take neman komawa ga hasken rana, bambancin nan a kuɗin mai da yawan batura zai bayyana.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba ga masu tsofaffin na'urori, ko da sun gyara su. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa, a ƙa'idar kamfanin, tana bukatar ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, ko makamanciyarta ta AMD. Ashe abin da zai tilasta wa mutane sauyi yanzu doka ce ta kamfani, ba gazawar na'ura ba. Tsohuwar kwamfuta za ta ci gaba da aiki, amma ba a ƙara toshe mata kafofin da ɓarayin intanet ke bi, abin da ke da haɗari ga shagon da ake shigar da lambobin banki da bayanan ɗalibai. Wanda ba shi da halin saye yana iya ɗora mata manhajar Linux, wadda kyauta ce. Wanda kuma zai sayi ta hannu a Kafanchan ko Jos, ya sa a kunna ta a gabansa ya duba lambar ƙwaƙwalwar: i5-8500 zubi na takwas ce, za ta karɓi Windows 11, amma i5-6500 ba za ta karɓa ba, komai ƙyallin akwatinta.