Shin inshorar mota na biyan kuɗin gilashin gaba idan ya fashe?

Masu bin hanyar Ƙaraye zuwa Rogo sun san yadda tsakuwa ɗaya daga tayar tifa ke tsaga gilashin gaban mota. Ko inshora za ta biya, ya danganta ne da nau'in da mai motar ya yanka.

Inshorar da doka ta wajabta tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wani ne kawai, ban da gilashin mai ita. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ƙara kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, da diyyar dukiya har Naira miliyan 3.

Cikakkiyar inshora ce ke ɗaukar gyara ko sauya gilashi. Kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato aƙalla Naira 200,000 a shekara ga motar miliyan 4. Sai dai yarjejeniyar kan tanadi wani kaso da mai mota zai biya daga aljihunsa. Idan kuɗin gyaran bai kai wannan kason ba, neman diyya ba shi da amfani.

Wanda gilashinsa ya fashe ya kamata ya ɗauki hoto, ya sanar da kamfanin nan take, kuma kada ya kai motar wurin mai gilashi kafin a amince. Ana tantance sahihancin takardar a rumbun bayanan NIID. Masu son tsarin Musulunci kuma suna da zaɓin takaful.