Yawan Ɗigo da Kyan Hoto: Shawara ga Mai Nazari a Birnin Zazzau

Ɗalibin da zai shiga birnin Zariya don nazarin gine-gine ko takardun ajami yakan tambaya, shin yawan ɗigo, wato megafiksil, ya isa dalilin zuba kuɗi a ƙaramar kyamara? A ganina bai isa ba.

Shi hoton na'ura ɗigo-ɗigo ne, megafiksil ɗaya kuwa ɗigo miliyan ne. Hoto mai santimita 10 da 15 ɗigo miliyan 2 sun wadace shi, cikakken shafin kundi kuwa kimanin miliyan 9. To, me za a yi da miliyan 20?

Inda gizo ke saƙa shi ne farantin da ke karɓar haske. A galibin ƙananan kyamarori faɗinsa milimita 6 ne da 'yar ɗoriya, kuma ƙara masa ɗigo ba ya ƙara masa haske, sai dai kowane ɗigo ya ƙanƙance. Da rana tsaka a Ƙofar Doka ba a ganin aibin. Amma a shiga tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, inda haske ke da ƙaranci: sai bakan-gizon rufin ya fito dishi-dishi, kamar an watsa wa hoton yashi.

Saboda haka mai saye ya fara tambayar girman faranti da ingancin gilashi. Gilashi mai jawo nesa kusa, musamman ranar Hawan Daushe a ƙofar fada, shi ne abin da kyamarar ta fi yawancin wayoyin hannu da shi.