Ƙarin Wuta Ba Ya Cin Tsere: Jan Kunne Kan Motocin Rimot

Kowace shekara, daga jajibirin Salla zuwa kwana biyu bayanta, kasuwar Diffa kan cika da ƙananan motocin nan masu rimot da ƴan kasuwa ke ɗaukowa daga Kano da Maiduguri da Damagaram. Kafin mako ya zagayo, da yawansu sun koma kan teburin masu gyaran rediyo da waya, an kwance cikinsu, suna warin ƙonanniyar roba. In mai gyara ya tambayi yaron da ya kawo ta me ya same ta, amsar ba ta canzawa: “Wallahi Baba ban yi mata komai ba, wuta kawai na ƙara mata.” Wani yayansa ne a unguwa ya rantse masa cewa kamfani ya rage wa motar ƙarfi da gangan, in aka ba ta babban batir sai ta tsere wa ta kowa.

Na gaji da ganin wannan ɓarna. A cire batiran da mota ta zo da su, a ɗaura mata batirin babur da robar tiyub. Ko a fasa tsohon batirin kwamfuta, a zaro ƙwayoyin nan dogaye shuɗaye ko koraye, a jera uku, a fere waya da haƙori, a murɗa, a naɗe da leda. Da kuɗin uba kaɗai ake ƙonawa da na yi shiru, don yaro da ɓarna ba yau suka haɗu ba. Amma ƙwayoyin nan na litiyom ne, shi kuwa litiyom in ya kama da wuta ba ya jin ban-baki.

Motocin rimot iri biyu ne. Akwai ta wasan yara, wadda muka sani. Akwai kuma ta tsere, wadda magidanta masu gemu ke zuba wa dukiya a Japan da Turai da Amurka. Wadda aka fi yayi a kan kwalta kashi ɗaya cikin goma ce ta girman motar gaske: faɗinta milimita 190, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tayoyinta huɗu duk suna ja, tana da sifirin da shokazoba, kuma mafi zafinsu kan wuce kilomita 100 a awa in hanya ta miƙe. Hukumar IFMAR da aka kafa a 1979 ita ke shirya gasar duniya. Sau biyu gasar wannan rukuni ta sauka a nahiyarmu, duka a Afirka ta Kudu: a 2002, sai kuma 2018 a garin Welkom, inda Bruno Coelho ɗan ƙasar Fotugal ya ɗauki kofi. Wani Bajamushe, Marc Rheinard, sau uku yana ɗauka: 2004 da 2008 da 2010.

Abin da ya sa na jawo waɗannan mutane cikin zancen shi ne, da ƙarin wuta ke cin tsere, ai su za su riga kowa sani. Amma a wurinsu wannan ƙofa a rufe take ruf. Batirin kowa ƙwaya biyu ne, ƙarfinsa bolt 7.4, in ya cika maƙil ya kai 8.4. Kafin mota ta hau fili sai alƙalai sun ɗora mata ma'auni, wanda batirinsa ya zarce ƙa'ida ba ya shiga. A ɗora ta a sikeli kada ta gaza nauyin da aka yanka. A manyan gasa, taya iri ɗaya ake raba wa kowa. A wasu rukunonin har injin ma naɗinsa ɗaya ne, kowa 13.5 ko kowa 17.5. A jera mota goma, a ba su minti biyar. Duk da haka sai ka ga wani ya zagayo ya cim ma na baya ya wuce shi. Wuta ɗaya, taya ɗaya, inji ɗaya, to daga ina ratar ta fito? Daga saiti ta fito, da kuma hannun mai tuƙi.

Ba ina cewa ƙarin wuta ba ya sa inji ya ƙara juyi ba ne. Yana sa wa, kuma shi ya sa ƙaryar ta ƙi mutuwa. A minti na farko motar takan zabura, yara su yi ta ihu, wanda ya ba da shawarar ya riƙa hura hanci. Abin da ke faruwa a ciki ne ba wanda ke gani. Motar yara galibi an yi ta ne don ƙananan batira huɗu, wato bolt 6, wasu ma ƙasa da haka. Batirin babur 12 ne. In ka ninka ƙarfin wuta, to duk lokacin da injin ke kokawa, wajen tashi ko in taya ta nutse a rairayi, wutar da ke ratsa shi ma ta ninka, zafin da take haifarwa kuwa ya ninka sau huɗu. Wayar tagullar da aka naɗa cikin injin wani siririn fenti ne kawai ya raba ta da ƴar'uwarta. Da ya narke, shi ke nan. Sau da yawa ma ba a kai nan, fanel ne ke fara tafiya: ka buɗe ka tarar da ɗan baƙin tabo kusa da inda wayar inji ta fito, roba ta kumbura a gefensa. In fanel ya yi taurin rai, haƙoran giya na roba ne, sai su zube, ka ji inji na kuka mota na tsaye.

A ce ma duk sun jure. Tayar ƙaramar mota iya abin da za ta iya kamawa ke nan, ƙarfin da ya wuce wannan a banza yake tafiya, taya na juyi tana watsa ƙasa. Ga sitiyarin motar yara, matsayi uku gare shi: hagu gaba ɗaya, dama gaba ɗaya, ko miƙe. Ba ya san “kaɗan-kaɗan”. Ka ninka wa irin wannan gudu, ai bango ka aika ta, ko kwata.

Sannan a tuna ina muke. Masu tseren nan kowa da ɗan ma'aunin zafi a aljihu, mota na fitowa daga fili zai haska injin, in ya ga ya doshi digiri 70 zuwa 80 ya san ya yi ganganci. Wannan fa a ƙasashen da ake sa rigar sanyi. Mu a nan Diffa, cikin Afrilu da Mayu, zafin inuwa kansa na haura digiri 40, ƙasar da rana ta daka kuwa ba a taka ta ba takalmi. Injinmu tun bai tashi ba ya ci rabin hanya. Manoman tattasai na bakin Komadugu sun fi kowa sanin wannan: injin ban ruwan da aka buɗe wa wuta har ƙarshe tun safe, matatar iskarsa cike da ƙura, ba ya ƙara wa mai shi ko buhu ɗaya, sai dai ya kai shi wurin bakanike daidai lokacin da shuka ke fure.

A kwana ake cin tsere, shi ya sa ƙwararru ke ɓata yini a kan abubuwan da ido ba ya gani. Tsakanin cikin motar da kwalta milimita biyar ne ko kusa da haka, kuma da ma'auni ake duba kowace kusurwa. Ana ɗan kwantar da kan tayoyi zuwa ciki da digiri ɗaya da rabi zuwa biyu, don in mota ta karkata a kwana tayar waje ta zauna daram a ƙasa. Tayoyin baya a ɗan tsuke bakinsu ciki da kusan digiri uku kada gindin motar ya riƙa wutsil-wutsil, na gaba a ɗan buɗe su don ta shiga kwana da sauri. Ana ɗora ta a kan ƙananan sikeli huɗu, a matsa da batir ko a liƙa ƴar dalma har hagu da dama su daidaita. Man shokazoba ma akwai mai kauri, akwai tsinkakke, gwargwadon zafin rana. Wasu filayen har ruwan sukari ake fesa wa kwalta don taya ta kama. Su ke nan masu kuɗin sayen kowane irin batir a duniya, amma hankalinsu na kan rabin milimita.

Ban da ƙarin wuta, ba a rasa wasu dalilan mutuwar motocin yaranmu: arahar kaya, ruwa, faɗuwa daga kan katanga, da ƙanen da ya zauna a kai.

Yanzu ga abin da za a yi, iyaye da yayye, tun daga bakin rumfa. Kada a ɗauko motar nan mai kwantaccen ciki don ta fi sheƙi. Wannan ta kwalta ce da siminti, lungunanmu kuwa rairayi ne. A nemi mai manyan tayoyi da dogon ƙafa. A juya kwalin a karanta bolt nawa aka rubuta, a tsaya a kansa. In da hali a zaɓi mai rimot da aka rubuta wa 2.4, don tsofaffin masu 27 in biyu suka haɗu a fili ɗaya rimot ɗin wannan kan juya motar wancan, daga nan sai dambe.

Wanda ke son motarsa ta fi ta abokinsa, ya fara da tsabta. Ya cire tayoyin ya duba bakin ƙarfen da suke juyi a kai, zai tarar da zare da gashi da ciyawa sun naɗe, su ke cinye ƙarfin da yake nema a batirin babur. Ya share da tsohon buroshin haƙori. Kada ya kuskura ya shafa giris ko baƙin mai a giyar da ke buɗe, domin rairayi na mannewa ya zama abin niƙa haƙora. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a bakin ƙarfen ya wadatar, a goge saura. In mota na janyewa gefe guda, a kifa ta: tsakanin tayoyin gaba akwai wani ɗan maɓalli mai alamar hagu da dama, a matsa shi kaɗan, a ajiye ta, a gwada, har ta miƙe. Tayar da ta kwance daga bakin ƙafarta a liƙe ta da gam. Batir kuma a zaunar da shi tsakiya ya daina yawo.

Samarin da suka samu irin mai kwancewa, wadda ake canza wa giya, ga dabarar masu tsere. Tsakanin ƙaramar giyar inji da babbar, a saka siririyar takardar littafi, a matse su, a ɗaure noti, a juya a zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ne daidai: in ya fi haka haƙora su ci juna, in ya gaza inji ya yi ta zafi. Da bazara a rage wa ƙaramar giyar haƙori ɗaya ko biyu. Gudun miƙe zai ɗan ragu, amma tashi zai ƙaru, inji ya huce. Bayan minti biyar a tsaya a ɗora yatsa a kan injin, in ba a iya ƙirga biyar ba, a bar shi ya sha iska. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta a littafi. Wanda ya taɓa taya da giya da sifirin duk a zama ɗaya, ko motar ta gyaru bai san wanne ya gyara ta ba.

Maganar batir ita ce ba wasa a ciki, kuma nan ne nake ganin sakacin manya. Ƙwayar litiyom iyakarta bolt 4.2, kuma ba a so ta sauka ƙasa da 3. Wadda aka zaro daga batirin kwamfuta an raba ta da ɗan fanel ɗin da ke tsare ta, ba abin da zai ce mata ya isa. Kada a haɗa ta kai tsaye da batirin sola ko cajar da ba tata ba. Kada a ɗora mata ƙarfen liƙi mai zafi. Kada a gama tsohuwa da sabuwa. Kada yaro ya zuba ta a aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi. Caji kuma ba a kan katifa ba, ba ƙarƙashin matashi ba, ba a bar shi a tafi masallaci ko a kwanta barci ba. A sa batirin cikin tsohuwar tukunyar ƙasa a tsakar gida, a inuwa, da bokitin rairayi a kusa. Duk wanda ya bi hanyar Maine-Soroa zuwa N'Guigmi ya ga yadda ƴan'uwanmu da rikici ya raba da gidajensu ke zaune cikin zana da tamfol, rumfa na jingine da rumfa. A irin wannan wuri, da iskar hunturu, batir ɗaya ya isa ya tashi unguwa. Batirin da ya kumbura ya mutu. Masu cewa a huda shi da allura iska ta fita, ko a shanya shi a rana ya farfaɗo, su ji tsoron Allah. A naɗe bakinsa da salatif, a ajiye shi cikin gwangwanin rairayi nesa da ɗaki. Ba a jefa shi a murhu ko juji mai ci da wuta, ba a wurga shi a kogin da muke sha muke ban ruwa da shi.

Wurin tsere kuma a nemi fako mai tauri ko simintin filin makaranta bayan an tashi, a share, a zana hanya da toka, a sa kwanoni da yawa don a ga mai hannu. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi wa inji da batir. Babbar kwalta ba filin wasa ba ce, direban da ya taso daga Damagaram da lodi ba zai ga yaron da ya sunkuya ɗaukar mota ba. Kuma tun Fabrairun 2015 da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar nan, kowa ya san yadda jami'an tsaro ke kallon duk abin da ake sarrafawa daga nesa. Kada a kusanci shinge ko bariki da rimot a hannu, balle da motar da wayoyi ke leƙowa daga cikinta an naɗe ta da leda.