Silikon ko akrilik? Kada kuɗin kaushon ya tafi a banza

Mu da aka haifa a nan Bron, mu ke karanta wa su Baba takardun gida, mu ake aika kanti in ruwa ya fara yoyo a banɗaki. Manyan gidajen Parilly tun shekarun 1950 aka gina su, danshi kuwa ba ya raga wa tsohon gini. Dokar 26 ga Agusta 1987 ta ɗora ƙananan gyare-gyare a kan ɗan haya, saboda haka in bakin baho ya ruɓe, ranar état des lieux ana iya zabge kuɗin daga kaushon.

Abin da nake gaya wa ƙannena shi ne, ba kowane mastic ke yin kowane aiki ba. Wurin ruwa, wato baho, shawa da lavabo, ku ɗauki silikon mai rubutun sanitaire, shi ke hana baƙin fumfuna. Mai warin vinaigre na gilashi da karo ne. A kan marmara ko ƙarfe sai neutre. Tsagewar bango kuwa akrilik, don shi ke karɓar fenti, silikon ba ya karɓa.

Ku kankare tsohon tas, wurin ya bushe. Ku cika baho da ruwa kafin ku shafa, don kar ya tsage daga baya. Sai haƙurin awa 24 ba wanka, ko Mama za ta yi faɗa!

Rigakafi dai ya fi magani.