Wa Ke Tsaya wa Majinyaci a Asibitin Ƙwaƙwalwa?

A ce an kwantar da ƙaninka a asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati. Kwana biyar da fara magani, ka je dubiya ka tarar wuyansa ya sandare, hannunsa na karkarwa, miyau na dalala. Ya ce maka tun jiya yake faɗa, amma duk wanda ya gaya wa sai ya ce ciwon ne ke sa shi surutu. Kai kuma kana jin nauyin tambayar likita, kada a ce ka raina masu ilimi.

Abin da ƙanin naka ke faɗa gaskiya ne. Sandarewar jiki da karkarwa sanannun illoli ne na wasu magungunan taɓin hankali, irin su haloperidol da chlorpromazine, kuma ana magance su ta hanyar rage yawan maganin, ko sauya shi, ko ƙara wani da ke sassauta jijiyoyi. Matsalar ita ce wanda ke da lalurar ƙwaƙwalwa ba a cika ɗaukar maganarsa da nauyi ba. Saboda wannan ne aka samar da aikin mai kare haƙƙin majinyaci.

Mene ne aikinsa?

Mai kare haƙƙin majinyaci mutum ne da aka horar don ya saurari majinyaci, ya fahimtar da shi haƙƙoƙinsa, ya kuma taimaka masa ya isar da buƙatarsa ga likitoci da hukumar asibiti. Ba ya rubuta magani, ba ya yanke hukuncin kwantarwa ko sallama.

Yakan zagaya ɗakunan kwanciya, ya zauna da majinyaci su biyu. Yakan raka shi lokacin zagayen likitoci, ya tuna masa tambayoyin da ya shirya. Idan an hana majinyaci ganin baƙi, ko an ƙwace masa waya, ko an ɗaure shi a gado, yakan nemi dalili, ya duba ko an rubuta shi a fayil da tsawon lokacin da za a ɗauka. Idan an kai ga rubuta koke, shi ke taimakawa a rubuta, ya kuma bi sawunsa har a ba da amsa.

Abu mafi wuya a aikin shi ne wannan: yana isar da abin da majinyaci ke so ne, ko da shi kansa yana ganin ba shi ne daidai ba. Idan majinyaci ya ce ba ya son allura, ya fi son ƙwaya, to wannan zai faɗa wa likita. Likita na iya ƙin amincewa, amma sai ya kawo dalili. Sirrin majinyaci kuma amana ne a wurinsa, ba ya fitar da shi sai da izini, in ban da inda rai ke cikin haɗari.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Ingila, tun daga 2009 doka ta ba mafi yawan waɗanda aka kwantar ba da son ransu ba damar samun mai kare haƙƙi wanda ba ma'aikacin asibitin ba ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka, kowace gunduma tana da irin waɗannan jami'ai. A can ana iya tsare mutum na awa 72 don a duba shi; idan ana son ƙara masa kwana 14, sai an yi zaman sauraro, inda mai kare haƙƙi ke tsayawa tare da shi. Darasin da ke ciki shi ne 'yancin kai. Wanda shugaban asibiti ke iya kora gobe, da wuya ya ɗaga murya yau.

Me dokar Najeriya ta ce?

Shekaru da dama Najeriya na aiki da dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, wadda ta fi damuwa da tsare mai taɓin hankali fiye da yi masa magani. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbinta. Kafin nan, a 2020, Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman kuma ita kanta ke rayuwa da lalurar ƙwaƙwalwa, ta tsaya gaban Majalisar Tarayya ta yi magana a kan ƙudurin.

Sabuwar dokar, tare da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Kundin Haƙƙoƙin Majinyata na 2018, sun tabbatar wa majinyaci abubuwa kamar haka:

- A yi masa bayanin ciwonsa da maganinsa da illolin maganin, cikin harshen da yake ji.
- A sa shi cikin tsara yadda za a yi jinyarsa, a kuma nemi yardarsa muddin yana iya fahimta da yanke shawara.
- A kare sirrinsa.
- Ya zaɓi wanda zai wakilce shi.
- Kada a sa masa mari ko sarƙa, kada a wulaƙanta shi.
- Kada a ƙi karɓarsa idan halin gaggawa ne.
- Ya kai koke idan an cuce shi.

Batun mari ba tsohon labari ba ne. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa a Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a gidajen mari da wuraren addu'a, har ma da wasu cibiyoyin gwamnati.

Kwantar da mutum ba da son ransa ba

Doka ba ta hana wannan gaba ɗaya ba. Akwai lokacin da ciwo ke tsananta har mutum ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, ya kuma kasa gane yana buƙatar magani. A irin wannan hali kwantarwa na iya ceton rai. Amma sai likita ya duba shi ya tabbatar, a rubuta dalili, a riƙa sake dubawa. Rigimar gado, ko saɓanin aure, ko rashin jin maganar iyaye, ba dalilai ne na kwantar da mutum ba.

Haka ma riƙe majinyaci ko killace shi a ɗaki. Mataki ne na ƙarshe bayan lallashi ya gaza, na ɗan lokaci, da umarnin likita, ana duba numfashinsa da jikinsa a kai a kai. Ba a yin sa don horo, ko don ma'aikata sun yi ƙaranci.

Wa zai tsaya maka a asibitocinmu?

A asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, yawanci mutane da dama ne ke raba wannan aiki. Fara da nas mai kula da ɗakin, sai babban likitan da sunansa ke kan fayil. Akwai sashen jin daɗin majinyata, wanda aka fi sani da soshiyal welfeya, da ke taimakawa a kan kuɗin magani da sasanta dangi. Asibitocin tarayya na da ofishin SERVICOM na karɓar koke. Idan abu ya fi ƙarfin asibiti, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ga marasa halin ɗaukar lauya. Koke a kan likita kuwa ana kai shi ga hukumar MDCN.

Duk da haka, a mafi yawan lokaci mai jinya ne ke cike wannan gurbi. Idan kai ne:

1. Sami ƙaramin littafi. Rubuta sunan kowane magani, yawansa, ranar da aka fara, da duk sauyin da ka gani.
2. Kafin zagayen likitoci, tambayi majinyacin abin da yake so a faɗa. Bar shi ya fara magana da bakinsa.
3. Yi tambaya kai tsaye: Me ya sa aka zaɓi wannan magani? Akwai wani? Yaushe za a sake duba batun sallama?
4. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Ka nemi a karanta maka da Hausa.
5. Idan ka ga rauni ko alamar duka, rubuta rana da lokaci, ka kai koke a rubuce, ka riƙe kwafi.
6. Kada ka tsayar da magani da kanka don ka ga illa. Tsayarwa farat ɗaya na iya dawo da ciwon. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa kuwa gaggawa ne, a kira likita nan take.

Sai dai ka kula da wani abu. Buƙatarka da ta majinyaci ba kullum suke zama ɗaya ba. Kana iya gajiya, ka so a ƙara riƙe shi, shi kuwa yana son komawa gida. Gajiyarka ba laifi ba ce, ka faɗe ta ga likita a matsayin taka. Amma kada ka faɗe ta da sunansa.

Idan kai ne majinyacin

Ciwonka bai cire maka haƙƙi ba. Lokacin da kake cikin sauƙi, ka zaɓi mutumin da ka yarda da shi, ka gaya masa maganin da ya karɓe ka da wanda ya wahalar da kai, da wanda kake so a kira idan jiki ya tashi. Ku rubuta, ka kai wa likitanka ya sa a fayil. Ranar da maganarka ta yi wuyar fita, wannan takarda za ta yi magana a madadinka.

Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Sau da yawa daga bakin majinyaci da mai jinyarsa muke gano illar da ta wuce mu a zagaye.